Waliyyi Yohanna na 23: Ɗan Manomin da ya Zauna a Kujerar Bitrus

Kowace ranar Lahadi muna taruwa a majami'unmu mu saurari Maganar Allah da Hausa, mu amsa wa Fada da Hausa, mu raira waƙoƙin yabo da ganga da tulu. Yaranmu sun tashi sun tarar da haka, suna tsammani tun fil azal haka ake yi. Amma tsofaffin da suka rage a cikinmu suna iya tunawa da zamanin da firist yakan fuskanci bagade ya miƙa Hadayar Mas da harshen Latin, jama'a kuwa suna durƙushe a baya suna jan rosari. Babban taron da ya kawo wannan canji, wani tsoho ne ya kira shi, wanda aka zaɓa Paparoma yana da shekara 76, mutane da yawa suna ganin ba zai yi kome ba sai ɗumama kujera. A wannan fitowa za mu duba rayuwarsa, gama ranar 11 ga Oktoba ita ce ranar idinsa.

Gidan gandu a Soto il Monte

An haifi Anjelo Jusefe Ronkalli ranar 25 ga Nuwamba 1881 a wani ƙauye mai suna Soto il Monte, watau gindin dutse, kusa da birnin Bergamo a arewacin Italiya. A ranar da aka haife shi aka yi masa baftisma. Shi ne na huɗu cikin 'ya'ya 13, kuma shi ne ɗa namiji na fari. Mahaifinsa Jobanni da mahaifiyarsa Mariyanna manoma ne, amma gonar ba tasu ba ce. Bisa ga al'adar wannan yanki, mai ƙasa ne yake ba da gona, manomi ya zuba guminsa, in kaka ta yi a raba amfanin biyu. Gidansu gidan gandu ne, iyaye da kawunai da 'ya'yansu wajen mutum 30 a tukunya ɗaya, abincinsu na yau da kullum kuwa wani irin tuwon masara ne da Italiyawa ke kira folenta. Duk da haka, kamar yadda shi kansa ya riƙa tunawa har tsufansa, in mabaraci ya tsaya a bakin ƙofa, mahaifiyarsa takan zaunar da shi tare da yara a ci da shi. Da dare wani kakansa na wajen uba mai suna Zaberiyo, wanda ya tsaya masa a baftisma, yakan jagoranci iyalin a addu'ar rosari.

Ya kamata mu san halin da Ikilisiya take ciki a Italiya a lokacin. Shekaru aru-aru Paparoma yana mulkin wani yanki na tsakiyar ƙasar kamar sarki. Da aka haɗa Italiya ta zama ƙasa ɗaya a 1861, sai sojojin sabuwar masarautar suka kama birnin Roma a watan Satumba 1870. Daga nan Paparoma bayan Paparoma suka kulle kansu a fadar Batikan don nuna rashin yarda, ba a kuwa sasanta ba sai a 1929, sa'ad da aka sa hannu a yarjejeniyar Lateran wadda ta kafa ƙaramar ƙasar Batikan. Cikin wannan zaman doya da manja ne yaron ya girma.

A 1892 ya shiga ƙaramar makarantar firistoci ta Bergamo. Yana da shekara 14 ya fara rubuta littafin binciken zuciya, inda yake lissafa kurakuransa da alkawuran da ya yi wa Ubangiji, bai kuwa daina ba har kusa da mutuwarsa. A 1901 aka tura shi Roma ƙarin karatu, ya katse ya yi shekara guda a aikin soja, sa'an nan ya koma ya gama. An keɓe shi firist a Roma ranar 10 ga Agusta 1904.

Magatakarda, malami, da ma'aikacin asibiti

A 1905 sabon Bishop na Bergamo, Radini Tedeski, ya ɗauke shi magatakarda. Shekara tara ya yi yana bin wannan bawan Allah, a wurinsa kuwa ya koyi yadda makiyayi ke riƙe garke. A 1909 ma'aikatan wata masaƙa a garin Ranika suka shiga yajin aiki, Bishop ya goyi bayansu har ya ba da gudummawa don iyalansu su sami abinci, magatakardansa ma ya ba da tasa. Masu kuɗi suka kai ƙara Roma, amma Bishop bai ja da baya ba. A waɗannan shekaru Fada Ronkalli yana koyar da tarihin Ikilisiya, ya kuma fara tattara takardun rangadin da Waliyyi Carles Borromiyo ya yi a dayosis ɗin Bergamo a 1575, aikin da ya ci masa kusan shekara 50. Neman waɗannan takardu ya kai shi wani babban ɗakin karatu a Milan, inda ya sadu da mai kula da wurin, firist Akille Ratti, wanda daga baya ya zama Paparoma Piyus na 11.

Bishop ɗinsa ya rasu a 1914. Da Italiya ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1915, aka kira Fada Ronkalli ya zama saje a sashen jinya, daga baya firist na asibitocin soja. A can ya zauna a gefen gadon samari 'ya'yan manoma irinsa, yana ba su sakramenti na ƙarshe. Ƙyamar yaƙi da ya ɗauka daga waɗannan ɗakuna ba ta rabu da shi ba. A 1921 Paparoma Benedik na 15 ya kira shi Roma ya shugabanci tara gudummawar aikin mishan a dukan Italiya, watau irin baikon da muke bayarwa har yau a Lahadin Mishan cikin watan Oktoba.

Shekara 20 a tsakanin waɗanda ba Katolika ba

A 1925 Piyus na 11 ya naɗa shi wakilinsa a ƙasar Balgeriya, aka keɓe shi Bishop ranar 19 ga Maris. Ya zaɓi kalmomi biyu su zama takensa, biyayya da salama, Allah kuwa ya gwada shi a kan dukansu. Yawancin mutanen Balgeriya Kiristocin Otodoks ne, 'yan Katolika kuwa kaɗan ne, warwatse a ƙauyuka, sai ya riƙa bin su a kan doki da alfadari. An nuna masa aikin na ɗan lokaci ne, ya zama kusan shekara 10. Wasiƙun da yake aikawa Roma sau da yawa ba a biya masa bukata, har ya rubuta a littafinsa cewa yawan damuwarsa daga ofisoshin Ikilisiya take fitowa, ba daga mutanen ƙasar ba. A 1930 Sarki Boris ya auri 'yar Sarkin Italiya a majami'ar Katolika a Asisi, da ya koma gida aka sake yin bikin a majami'ar Otodoks, aka kuma yi wa 'ya'yansa baftisma a can, saɓanin alkawarin da ya yi. Fushin Paparoma ya taɓa wakilinsa, shi kuwa ya haɗiye bai yi gunaguni a fili ba. Da girgizar ƙasa ta auka wa Balgeriya a 1928, ya je wurin da kansa ya raba taimako bai tambayi ɗarikar kowa ba.

A farkon 1935 ya koma Istanbul, wakilin Paparoma a Turkiyya da Girka. Turkiyya ƙasar Musulmi ce, gwamnatinta kuwa a wannan shekara ta hana malaman kowane addini sa tufafin addini a kan titi. Waɗansu firistoci suka ji zafi, shi kuwa ya sa kwat da wando ya ci gaba da aikinsa. Ya fara koyon Turkanci, ya kuma shigar da shi cikin waɗansu addu'o'i a majami'a, ko da yake waɗansu 'yan Katolika Turawa ba su so ba. A 1939 ya ziyarci babban shugaban Otodoks a fadarsa, bayan ɗaruruwan shekaru na gaba tsakanin ɗarikun biyu. A cikin waɗannan shekaru mahaifinsa ya rasu a 1935, mahaifiyarsa a 1939, aiki bai bar shi ya je jana'izar ko ɗaya ba.

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, Turkiyya ba ta shiga ba, saboda haka Istanbul ta zama ƙofa ga masu gudun ransu. Gwamnatin Hitler tana hallaka Yahudawa, Bishop Ronkalli kuwa ya haɗa kai da shugabannin Yahudawa, ya aika da takardun tafiya ta jakar wasiƙun ofishinsa, ya rubuta wa Sarki Boris da sauran masu iko yana roƙo, ta haka rayuka da yawa suka tsira. Ya kuma yi fafutukar kai abinci Girka sa'ad da yunwa take kashe mutane a can.

Faris da Benis

A watan Disamba 1944 Paparoma Piyus na 12 ya tura shi Faransa jakada, ya miƙa takardunsa ga Janar de Gol ranar 1 ga Janairu 1945. Aikin mai wuya ne, gama sabuwar gwamnati tana so a tuɓe bishop-bishop da yawa waɗanda ake zargi da goyon bayan gwamnatin da ta bi Jamus. Ya nemi a kawo hujja a kan kowane mutum, ya yi ta tattaunawa cikin haƙuri da fara'a, a ƙarshe 'yan kaɗan ne suka sauka. Bai manta da fursunonin yaƙi Jamusawa ba, ya ziyarci waɗanda suke karatun firist a wani sansani kusa da garin Shartar.

A watan Janairu 1953 aka naɗa shi Kadinal, aka ba shi riƙon dayosis ɗin Benis, birnin da aka gina a kan ruwa. Yana da shekara 71 ya sami abin da ya yi marmari tun ƙuruciya, watau kiwon jama'a kai tsaye. Ya ɗauka a nan zai ƙare kwanakinsa.

Zaɓen da ba a zata ba

Piyus na 12 ya rasu ranar 9 ga Oktoba 1958. Kadinal 51 suka shiga zaɓe, a ƙuri'a ta 11, ranar 28 ga Oktoba, suka zaɓi Ronkalli. Ya ɗauki sunan Yohanna, sunan mahaifinsa da na majami'ar da aka yi masa baftisma. Fiye da shekara 500 ba Paparoman da ya ɗauki sunan, domin wani mai da'awar ƙarya ya yi amfani da shi a zamanin rarrabuwa.

Tun a makonnin fari jama'a suka gane irin mutumin da aka ba su. Ranar Kirsimati ya je asibitin yara ya gaishe su, washegari ya shiga gidan yari na Rejina Celi ya zauna da fursunoni, ya shaida musu cewa wani danginsa ma ya taɓa zaman kurkuku saboda farauta ba izini. Ya ƙara wa ma'aikatan Batikan albashi. Ya cire wata kalma mai zafi game da Yahudawa daga addu'ar Jumma'a Mai Kyau. Mutanen Italiya suka sa masa suna Paparoma mai kirki.

Afirka tana cikin zuciyarsa. A zamaninsa ne, cikin watan Yuli 1959, aka ɗaga Kaduna ta zama babbar dayosis, ta fari a arewacin Nijeriya. A wannan shekara ya rubuta wasiƙa a kan aikin mishan, inda ya nace a horar da firistoci 'yan ƙasa, a kuma ba 'yan Ikilisiya marasa naɗi hakkinsu na aiki. A watan Maris 1960 ya naɗa Lauriyan Rugambwa na ƙasar Tanganyika Kadinal, baƙar fatan Afirka na fari da ya sami wannan matsayi a zamaninmu. A watan Mayu na shekarar ya keɓe waɗansu bishop-bishop na Afirka da hannunsa a Roma, cikinsu har da Bulus Zungurana na Wagadugu. A 1961 ya fitar da wasiƙar Mater et Magistra, watau Uwa da Malama, wadda ta yi dogon bayani a kan hakkin manoma da farashin amfanin gona, gama bai manta da kason da mahaifinsa yake auna wa mai ƙasa ba. A 1962 ya sa Martin de Pores na ƙasar Peru, ɗan wata baiwa da aka 'yanta, cikin jerin waliyyai.

Babbar Majalisa

Ranar 25 ga Janairu 1959, bai cika wata uku a kan kujera ba, ya sanar wa waɗansu kadinal a majami'ar Waliyyi Bulus cewa zai kira bishop-bishop na dukan duniya zuwa babbar majalisa. Suka yi tsit. Rabon da a yi irin wannan taro tun 1870, waɗansu manyan fada kuwa suna ganin ba a bukatarsa, suna kuma tsoron abin da zai haifar. Nufinsa shi ne bangaskiya ta tsaya yadda manzanni suka ba da ita, amma a bayyana ta a hanyar da mutanen zamani za su gane, a kuma nemi hanyar haɗa kan Kirista. Saboda haka ya kafa ofishi na musamman a 1960, ya karɓi Akbishop na Kantaberi, shugaban Angilikan, ya kuma gayyaci sauran ɗariku su aiko da 'yan kallo.

A watan Satumba 1962 likitoci suka gano yana da ciwon daji a ciki. Bai fasa ba. Ranar 4 ga Oktoba ya hau jirgin ƙasa zuwa Loreto da Asisi don ya roƙa wa taron albarka, tafiyar da ba Paparoman da ya yi irinta tun kafin 1870. Ranar 11 ga Oktoba aka buɗe Majalisar Batikan ta Biyu da bishop fiye da 2,000, har da na Nijeriya. A jawabinsa ya nuna rashin yarda da masu hangen masifa kullum, ya kuma bayyana cewa a wannan zamani Ikilisiya ta fi son warkarwa ta hanyar jinƙai a kan tsanani. Da dare jama'a suka cika dandalin Waliyyi Bitrus da fitilu, ya leƙo ta taga ya yi musu magana kamar uba, ya aike su gida su rungumi 'ya'yansu a madadinsa.

Bayan 'yan kwanaki Amurka da Tarayyar Sobiyet suka kai bakin yaƙin nukiliya a kan makaman da aka girke a Kyuba. Ranar 25 ga Oktoba ya yi kira ta rediyo ga shugabanni su ji kukan talakawa su zauna a tattauna. Daga baya aka sako Akbishop Yusufu Silipi na Yukiren bayan shekara 18 a tsare a hannun Sobiyet, Paparoma kuma ya karɓi 'yar Kurushob da mijinta a fadarsa. Ranar 11 ga Afrilu 1963 ya fitar da wasiƙarsa ta ƙarshe, Pacem in Terris, watau Salama a Duniya, wadda ya rubuta wa dukan masu kyakkyawar niyya, ko da wane addini suke bi. A ciki ya koyar cewa salama tana tsayawa a kan ginshiƙai huɗu: gaskiya, adalci, ƙauna, da 'yanci. Ya sha suka a kan wannan. Da 'yan gurguzu suka ƙara ƙuri'u a zaɓen Italiya na wannan wata, waɗansu jaridu suka ɗora masa laifi.

Ya rasu da yammacin Litinin bayan Fentikos, ranar 3 ga Yuni 1963, yana da shekara 81, dubban mutane suna addu'a a ƙarƙashin tagarsa. Ya yi shekara huɗu da wata bakwai a kan kujera. Bai azurta danginsa ba, 'yan'uwansa suna nan manoma a ƙauyensu, abin da ya bar musu kuwa bai taka kara ya karya ba.

Abin da ya bari

Zama ɗaya kaɗai na Majalisar ya gani, ba a kuwa zartar da ko takarda ɗaya a idonsa ba. Paparoma Bulus na 6 ne ya ci gaba har aka rufe ta ranar 8 ga Disamba 1965. Gaskiya ta sa mu faɗa cewa shi kansa Yohanna mai ƙaunar Latin ne, har ya rubuta takarda a 1962 don a kiyaye shi. Amma ya ba bishop-bishop 'yancin faɗin abin da ke zuciyarsu, a watan Disamba 1963 kuwa suka amince a ba harsunan jama'a wuri cikin sujada. Daga nan Mas da Hausa ta samo asali. A 1965 Majalisar ta bayyana cewa Ikilisiya tana girmama Musulmi, waɗanda suke bauta wa Allah ɗaya, ta kuma roƙi ɓangarorin biyu su bar tsohuwar gaba su yi aiki tare domin adalci da salama. Paparoma Yohanna Bulus na 2 ya sa shi cikin masu albarka ranar 3 ga Satumba 2000, Paparoma Fransis kuma ya sa shi cikin waliyyai ranar 27 ga Afrilu 2014.

'Yan'uwa, a cikin majami'unmu akwai katekis da suka yi shekaru a ƙauye ba wanda ya tuna da su, akwai iyaye mata da suke ganin tsufa ya gama da amfaninsu, akwai kuma da yawa daga cikinmu da suke zaune katanga ɗaya da maƙwabta waɗanda ba addininmu ɗaya ba, wani lokaci da tsoro, wani lokaci da tabon abin da ya faru. Wannan bawan Allah ya san dukan waɗannan. Shekara 20 ya yi a gefe, cikin 'yan tsiraru, bai bar ɗaci ya shiga zuciyarsa ba, bai kuwa sassauta bangaskiyarsa don ya faranta wa kowa rai ba. Abin da ya koya a can shi ne ya kawo wa dukan Ikilisiya a tsufansa. Hausawa sun ce mahaƙurci mawadaci. Kafin ranar idinsa, bari kowannenmu ya nemi mutum ɗaya da suka daina gaisawa, ya je ya gaishe shi, sa'an nan mu zo bagade da zuciya ɗaya.

Waliyyi Yohanna na 23, ka yi addu'a dominmu. Amin.